Ihun Uwale

A Dakoro, in ka ce Uwale, sai a tambaye ka: mai ihu? Ita ce. Mace 'yar firit, mai dama kunun kanwa a ƙofar likita, wato asibiti, amma muryarta har bakin kasuwa ana jin ta.

Da ba haka take ba. Shekara biyu da samun mulkin kai aka kawo ta daga Ɗan Gulbi da cikin fari. Ɗakin haihuwar gado huɗu ne, mata kuwa sun fi goma, wasu kan tabarmi har waje. Ungozoma ɗaya tak, Madam Fadimata, tana gudu tana sharce zufa. Wadda ta fi kuka ita take fara dubawa. Ban ga laifinta ba, hannu biyu gare ta. Ita kuwa Uwale, an koya mata a gida cewa 'yar mutunci ba ta kuka wurin haihuwa. Ta ciji bakin zane, ta yi shiru tun hantsi har la'asar. Ko da Madam ta iso kanta, yaron ya riga ya koma.

Bayan arba'in Uwale ta dawo da tukunyar kunu, ta zauna inda take hango tabarmin. Masu kuka ba ruwanta da su. Masu shirun take gadi, kuma yatsun ƙafarsu take kallo.

Shekara uku bayan haka aka kawo uwata Bilki daga Kornaka. Ta kwanta a lungu kamar mai hutawa, alhali ni ina ciki da cibiya naɗe a wuya. Uwale ta ga yatsunta sun lanƙwashe, ta je ta duƙa kanta.

"Ɗiyata, yi kuka a zo."

"Kumya nike ji, Inna."

"To riƙe kumyarki, ni in yi maki."

Ta miƙe ta kwarara ihu. Madam ta yar da kwanon da ke hannunta ta rugo. Aka ciro ni da kyar, aka warware cibiyar, na tsanyara kuka.

Ina son tsohuwar nan har raina. Da na zama budurwa, wata rana ina shan kununta na tsokane ta: "Kaka, ba ki gajiya da tara mana jama'a?"

Ta ƙara mini ludayi ɗaya, ta goge mini haɓa da yatsa.

"Ai ihun nan ba naku ba ne, ja'ira. Nawa ne, wanda na haɗiye rannan. Da na sake shi, da yanzu ɗana na da gemu."