Baba Tukuna da Kyamarar da Tsohonmu Ya Manta da Ita

Kafin sauran masu shagunan layin su ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya share gaban nasa, ya yayyafa ruwa, ya shige bayan teburinsa mai farin ƙyalle. Shagon ɗan tsukut ne. In mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya yi sallama daga waje. A hagu akwai kabad na gilashi, manyan kyamarori a sama, ƙanana a ƙasa. A kan teburin kuwa fitila ce mai lanƙwasasshen wuya, da 'yan sukundireba sirara kamar allura, da wata 'yar roba da yake matsawa ta hura iska a gilashin kyamara, don a wurinsa hura gilashi da baki ya kusa kai zagin iyaye muni. Sai ya wanke hannu, ya goge tabarau, sannan ya ja kyamarar da ya bari jiya da hanjinta a waje, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Gyara ne aikinsa, sayarwa kuma ta biyo baya. Mutanen layin suna kiransa Baba Tukuna, saboda ba a taɓa nuna masa kyamara aka ce "ba ni waccan" ya miƙo ba. Sai ya ce, "Tsaya tukuna. Wa za ka ɗauka?" Wata mai ɗinki ta ba ni labari cewa ƙarama ta je saye, don ta riƙa ɗaukar aikin da take yi a wuyan riguna, ya hana ta. Ya ce zaren nan sirara sai babba mai canjin gilashi, ya zaunar da ita ya koya mata har ta iya. Wani kuma ya je da zumuɗin babba, ya fito da 'yar mitsitsiya yana ƙunƙuni, ga shi har yau tana aljihunsa.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Hannu ya fara rawa, sukurorin kuma ba su ƙara girma ba. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da ya yi wa gidanmu tun yana ji da kunnensa.

Autarmu ma'aikaciyar jinya ce, ta iya karanta fuskar likita. Ranar da aka sallamo tsohonmu daga asibiti aka ce a je gida a ci gaba da lallaɓawa, mu mun yi ta hamdala, ita kuwa ta gane abin da ake nufi. Da ta koma ɗakinta sai ta zazzage duk hotunan gida a kan gado tana neman guda ɗaya, ɗaya tak, wanda tsoho yake dariya. Babu. Mutumin nan ya yi aiki a gidan waya har ya yi ritaya, kuma a ganinsa hoto al'amarin hukuma ne. Da ya ga an ɗaga masa kyamara sai ya gyara hula, ya haɗa gwiwoyi, ya ɗora hannuwa a kai, ya ɗaure fuska kamar mai jiran hukunci. Wayar hannu ma ba ta tsira ba, jikoki sun riga sun koya masa siffar hannun mai shirin ɗauka. Alhali in dariya ta kama shi, har ƙwalla yake yi yana dukan cinya. Wannan fuskar Auta take so ta riƙe, ta kuma san lokacin da ya rage ba shi da yawa.

Ni na raka ta shagon, a matsayina na babban wa kuma masani, don na kwana biyu ina karance-karance a waya. Tun a hanya nake yi mata huɗuba a kan babbar kyamara: ta fi kaifi, ta fi sauri, tana narkar da bayan mutum ya fito shi kaɗai raɗau. Gaskiya kuma na riga na hango kaina da ita a wuya, ana matsa mini hanya a wurin taro.

"Baba, waccan ta saman za ka sauko mana da ita," in ji ni.

"Tsaya tukuna, Yallaɓai." Ya dubi Auta ta saman tabarau. "'Yata, wa za ki ɗauka?"

"Mahaifinmu ne, Baba. Ba shi da lafiya."

"Allah ya ba shi sauƙi. A kwance yake ko yana zama?"

"Yana zama a falo, kusa da taga."

"Yana son hoto?"

"Yana so mana. Sai dai in ya ga kyamara, sai ya koma kamar hoton katin aiki."

Baba Tukuna ya gyaɗa kai. Ya miƙe a hankali ya sauko da babbar, ya ɗaura mata gilashi, ya rataya mini a wuya. "Riƙe mana wannan, Yallaɓai, mu gama magana." Na gyara tsayuwa. Shi kuwa ya ci gaba da tambayar Auta: ina tagar take kallo, labulen mai kauri ne, da wane lokaci tsoho ya fi sakewa, su wa suke zuwa hira. Bai ɓoye mata komai ba. Ya ce duk abin da yayanta ya faɗa a kan babbar gaskiya ne, a ɗaki mai duhu ma ƙaramar kyamara ba ta kama ƙafarta. Ina jin haka na so in yi murmushin nasara, sai dai a lokacin igiyar ta fara cin bayan wuyana, na koma tallafe abar da hannu biyu kamar jaririn da aka ba ni aro.

"Karɓi, 'yata. Sa a idonki, ki ɗauki yayanki."

Auta ta ɗaga. Fuskarta duk ta ɓace a bayan baƙin abu, sai wani ƙaton ido ya zuro mini. Na ji ƙaras!

Baba Tukuna ya juyo da hoton muka leƙa. Ban san lokacin da na shanye tumbi ba, ban san lokacin da na gyara hula ba. Ga ni nan ƙiƙam, fuska a ɗaure.

"To kin gani," in ji shi. "Ɗan ma ke nan, ina ga uban?"

Auta ta yi dariya har ta dafa kabad. Rabon da in ji dariyarta tun kafin a kwantar da tsoho.

Sai ya ɗauko wata ƙarama daga ƙasa, wadda ba ta wuce sabulun wanka ba. Ya shiga cikinta ya kashe ƙarar, ya kashe filasha. Akwai wata 'yar jar wuta da take ƙiftawa a gaba kafin a ɗauka, ya yanko baƙin salatif ɗan ƙiris ya liƙe ta. Ya nuna mata yadda za ta ɗora ta a cinya, tana kallon mutum da idonta tana hira, yatsa yana kan madanni.

"Ki zuge labule, ita haske take ci. Kuma ki ji, ba sata na aike ki ba. Ki nuna masa ita, ki ce ta ɗaukarsa ce. Ki bar shi ya ɗaure fuskar, ki ɗauka, ki gode masa. Sannan ki ajiye ta a kan tebur tare da kofin shayi da magunguna. Kullum tana nan. Babbar nan baƙuwa ce, duk ranar da ta shigo sai an miƙe mata. Wannan kuwa 'yar gida za ta zama, har ya manta da ita."

Haka aka yi. Ranar farko tsoho ya sa aka ɗauko masa hular fita. Auta ta ɗauka, ta gode. Washegari ma haka. A hankali hular ta daina fitowa, sai ɗaure fuskar kawai. Auta kan taso daga aiki ta zauna gefensa, ta auna masa jini, kyamara a cinya, tana kallon yadda wuyan rigarsa yake ƙara yi masa yawa. Hotuna suka taru, duk na mutumin da ya gaji. Wata rana ta koma shagon ido ya ciko.

"Baba, anya ban yi kuskure ba? Ko da babbar na ɗauka, aƙalla da na samu masu kyau."

"Ya daina gyara hula?"

"Ya daina."

"To kin kusa. Ki dai riƙa cajin batir."

Abin ya zo wata ranar hutu da hantsi. Muna falo, Inna tana tsince-tsincenta, tsoho yana kujerarsa. Na shigo na jawo wata kujerar roba da kowa a gidan ya san ta tsage, ban da ni. Ina cikin bayani a kan yadda ya kamata a riƙa kula da lafiya, da muhimmancin rage ƙiba, ƙafafunta na baya suka baje. Na tafi da baya, ƙafafu a sama.

Tsoho ya fashe. Ya yi dariya har da tari, yana dukan cinya yana nuna ni, ya kasa magana. Ita kuwa ma'aikaciyar jinyar gidan, wadda aka horar don ceton wanda ya faɗi, ko motsi ba ta yi ba. Yatsanta kawai ya yi aiki.

Baba Tukuna da kansa ya wanke hoton. Ya ɗan karkace, hannun da ke dukan cinya ya yi dishi-dishi, a kusurwar ƙasa kuma ga tafin ƙafata. Na roƙa a yanke wurin, ya ce shi gyaran kyamara yake yi, ba gyaran tarihi ba.

Da aka kai wa tsoho, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ai bai yi kama da ma'aikaci ba."

Inna ta karɓa ta duba, ta ce, "Ya yi kama da mijina."

Bai ce a mayar ba. A gefen gadonsa ya sa aka jingina shi, yana nan har ranar da Allah ya karɓi abinsa.

Baba, kai ne mai sayarwar da yake fara sauraro kafin ya buɗe kabad. Kai ne ka ga wata baiwar Allah ta shigo da tsoro a ƙirji, ka gane ba ƙarfe ta zo saye ba. Da ka sauko mana da ta saman nan, ba wanda zai ce ka cuce mu, kaya ne mai kyau, da bakinmu kuma muka nema. Da yanzu muna da hoton ɗaurarriyar fuska mafi kaifi a duk unguwa. Mun gode, Baba mai hannun allura. Allah ya huta da gajiya, ya sa hannun da ya yi rawa a kan aikin halal ya samu sakamako.

Ku kuma da kuke tsaye a bayan kanta, ko me kuke sayarwa, ku leƙa shagon nan kafin ya rufe, ku ga yadda ake tambayar mutum abin da ya kawo shi. Ba ya cin lokaci, kuma ba ku san abin da yake jiran amsar a gida ba. A namu gidan, yaran da ba su riski kakansu ba, in aka tambaye su wane irin mutum ne, sai su ce mai dariya ne. Mu da muka sha tsawarsa, ba ma gyara musu.