Bakaniken da Ya Auna Mota da Ƙwai

Ƙarfe bakwai ba ta yi masa a gida. Shekara talatin da tara ke nan, kullum da safe za ka ji ƙyauren garejin nan yana kuka, ka san Baba Tsaya-tukuna ya iso. Ba ya fara taɓa mota. Sai ya share ƙasa tsaf, ya shimfiɗa wani tsohon buhu, ya jera sifanunsa daga ƙarami zuwa babba kamar 'yan makaranta a kan layi, ya ɗora shayi, sannan ya zagaya a-kori-kurar da suka kwana a wajensa yana dafa kowacce a goshi. Tagar ɗakina tana kallon garejin, don haka kada wani ya ce ji na yi. Gani na yi. Abin da ban gani ba kuwa, na tambaya har an gaji da ni.

Sunan nan bakinsa ne ya jawo masa. Mutum zai shigo yana haki, ya ce, "Baba, wace a-kori-kura ce ta fi kowacce?" Sai ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Tsaya tukuna. Me za ka ɗauka? Wace hanya za ka bi? Wa zai tuƙa?" Masu gajen haƙuri su yi tsaki su fita. Galibinsu bayan wata shida suke dawowa, ana janye da motar da igiya, suna sunkuyar da kai kamar an kama su da hannu a tukunya.

Mai bulon bayan layinmu shaida ne. Wani gareji aka ce masa injinsa ya mutu, sai an sauke shi gaba ɗaya. Ya kawo wa Baba. Baba ya ɗora tsinin doguwar sukundireba a jikin injin, ya kafa kunne a ƙotarta, ya yi shiru kamar mai sauraron gulma ta bango. Can ya ɗago ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, waya ce ta kwance." Ya ɗaure ta, mota ta tashi. Matar mai bulon ta ce mini ranar har rawa mijinta ya yi a tsakar gida, shi da ko murmushi sai an roƙa.

Amma abin da ya sa na nemi biro da takarda da tsufana, maganar 'yar ƙanena ce, wadda kowa yake kira Mai Ƙwai. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu da ɗakin kaji a bayan gari. Wani babban gidan burodi ne yake sayen ƙwanta kusan duka, kuma da shi take ci da marayun nan, da shi suke makaranta. Motar haya take nema ta kai kayan. Yau direba ya makara, gobe ya zuba gudu a gargada ya fasa mata rabin kiret. Rannan mai gidan burodin ya kira ta ya ce, "Hajiya, ina jin nauyinki, amma tanda ba ta jira. Sau ɗaya ya rage. In kika sake makara ko kika kawo mini fasasshe, zan nemi wani." Ta sayar da filin da ta gada, ta ce za ta sayi motar kanta. Mota ɗaya filin zai saya. In ta zaɓi gurguwa, ba fili, ba ciniki.

Tana da wa, tsohon direban babbar mota, wanda tun yana goye ya san komai. Shi ya kai ta wajen dillali, suka ga a-kori-kura uku na hannu, na kamfani uku daban-daban. Ba zan faɗi sunan kamfani ba, kada a ja ni kotu ina fama da ƙafa. Da launi zan kira su: ja, fara da shuɗiya.

Wan nata ya mutu a kan jar. Ƙatuwa ce, mai faɗin ƙirji, taya kamar na tarakta. Ita kuma Mai Ƙwai farar ce ta shiga ranta, don dillali ya nuna mata takardar da ta ce ba ta shan mai, ga sheƙi, ga kujera mai laushi. Shuɗiyar ko kallo ba ta samu ba. Fentinta ya koɗe, rediyonta ma ba ya yi. Suka kwana uku suna musu, har ta daina gaishe shi da safe. Ni na ja ta da hannu na tsallaka titi da ita.

Baba yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya turo kansa waje, ya saurare ta har ta gama, ya yi tambayoyinsa da ya saba. Da ta ce ƙwai, sai ya tashi zaune.

"Ƙwai? A hanyar nan ta bayan gari mai ramuka?"

"Ita fa, Baba."

Wan nata, da ya biyo mu ba a gayyace shi ba, ya ce, "Baba, ka faɗa mata gaskiya kawai. Ka taɓa ganin irin jar nan ta kwanta a hanya?"

"Da wuya," in ji Baba. "A duk a-kori-kurar da na taɓa kwancewa, ba wadda nake so kamarta."

"To kin ji!"

"Na ce ina son ta. Ban ce ƙwai yana son ta ba. Gobe a kawo su duka ukun. 'Yata, ki zo da kiret tara, uku-uku. Waɗanda suka fashe Hajiya ta soya mana."

Na ce, "Ni ce kukunka?" Ya ce, "Ke ce za ki fi kowa ba da labari, gara ki ci ladanki tun yanzu."

Dillali ya so ya yi gardama, amma ya san duk motar da Baba ya ce a saya ta sayu, sai ya kawo su da hantsi yana murmushin dole. Baba ya sa aka cika tankin kowacce har wuya. Ya zuba buhunan yashi a bayanta daidai nauyin kayan da Mai Ƙwai take ɗauka, ya ɗora kiret uku a kai ya ɗaure. Ya ce takardar kamfani ba ƙarya ta yi ba, amma a kan kwalta mai santsi aka auna, motar kuma ba komai a bayanta. Shi daga ƙofar ɗakin kaji zai auna, zuwa ƙofar gidan burodi, a dawo. Ya miƙa wa Mai Ƙwai makulli, don ta iya tuƙi tun mijinta yana da rai. Wanta ya miƙo hannu, Baba ya ce, "Kai za ka riƙa kai mata ƙwan kullum?" Ya mayar da hannunsa aljihu.

Da jar aka fara. Ni ina kujerar baya, kuma wallahi haƙora huɗun da suka rage mini sai da suka gaisa da juna. Ba ramin da ya tsayar da ita, amma kowane rami sai ta yi tsalle kamar ɗan maraƙi. Da aka dawo aka kwance igiya, ƙwai goma sha bakwai sun yi kaca-kaca. Baba ya kawo jarka da mazurari ya mayar da man da ta sha, jarkar ta yi nisa sosai. Ya shafa sifirin ɗinta, ƙarfen nan da yake ɗaukar nauyi a kan taya, ya ce, "An yi wannan don siminti da rodi. In ba ta ji nauyi ba, ba ta nutsuwa. Kayanki sun yi mata kaɗan." Wan ya ce ai tuƙin mata ne.

Farar ta tafi sumul. Ƙwai biyu kawai ta fasa, man da ta sha kuwa bai kai rabin na jar ba. Mai Ƙwai ta fara washe baki, dillali yana ta "ai na faɗa, ai na faɗa." Baba ya sa babban yatsa ya danna ƙofarta, ƙarfen ya lotsa ya dawo kamar gwangwanin madara. Ya ɗebo bokitin ruwa ya sheƙa a kan gilashi, sai ga ruwa yana ɗiga a kan kujerar nan mai laushi. Sannan ya ja Mai Ƙwai zuwa bayan gareji, ya nuna mata wasu guda biyu irinta a ajiye, kaza har ta yi sheƙa a ƙarƙashin ɗaya.

"Wannan watanta huɗu, waccan bakwai. Ba wani babban ciwo ba ne, ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannuna ba, amma babu shi a kasuwa, sai an aiko daga inda aka ƙera ta. Mai gidan burodinki zai jira wata huɗu?"

Murnarta ta koma ciki.

Saura shuɗiya, kuma ita ce ta so ta ba Baba kunya. Mun yi rabin hanya lafiya lau, tana bin ramuka a hankali kamar tsohuwa mai ɗauke da jika, sai muka ji fat! Allurar zafi ta fara hawa, Baba ya ce a tsaya. Bel ɗin fanka ya tsinke. Wan nata da yake bin mu a babur ya iso yana dariya har da riƙe ciki.

"Baba, wannan ce gwanar taka? Ko awa ɗaya ba ta yi ba!"

Na kalli Mai Ƙwai, idonta ya kawo ruwa. Ja ta fasa kaya, fara ba magani, shuɗiya ga ta a gefen hanya da baki buɗe. Ta ce, "Baba, ke nan duk cikinsu babu tawa?"

Baba ya duba agogonsa, ya nuna mata wata 'yar rumfar mai faci da take can gaba kaɗan. "Je ki da kanki. Ki faɗa masa irin motar, ki ce bel ɗin fanka kike so."

Ta tafi tana jan ƙafa. Ba a jima ba sai ga ta da bel a hannu, tana cewa mutumin har kala biyu ya fito mata da su. Baba bai karɓa ba. Ya ba ta sifana, ya ce nan za ki sassauta, nan za ki zura, nan za ki ɗaure. Hannunta ya yi baƙi ƙirin, mayafinta ya sha mai, amma ta murza makulli mota ta amsa. Ya sake duba agogo.

"Minti ashirin da biyar, har da tafiyarki. 'Yata, ba motar da ba ta lalacewa, duk wanda ya ce miki akwai, sayar miki zai yi. Abin tambaya shi ne, ranar da ta lalace, wa yake da maganinta, kuma a ina yake? Wannan ko mai faci ya san ta."

Da muka dawo aka duba kiret, ƙwai ɗaya ne ya tsage, shi ma bai zube ba. Manta ya fi na farar, bai kai na jar ba. Ƙofarta kuwa da Baba ya danna, yatsansa ne ya ji jiki. Ya ce a canja mata duk bel da tiyo kafin ta fara aiki, a rage wa tayoyin baya iska kaɗan, kuma ta riƙa fita da rabin awa a hannu. Sannan ya juya wajen wan ya ce, "Ɗana, idonka bai yi ƙarya ba. Ranar da za ka fara ɗaukar bulo, zo mu je mu sayo jar tare." Da wannan maganar ya mayar masa da girmansa a gaban ƙanwarsa. Wan ne ma ya tuƙa shuɗiyar zuwa gida da aka biya kuɗinta, yana cewa dama tun farko ya lura da ita. Mun bar shi a haka.

Yau shekara uku ke nan. Mai gidan burodin bai nemi wani ba, sai ma ya haɗa ta da wani gidan. Ɗakin kaji ya zama biyu. Yaran ba wanda aka koro daga makaranta, babbar ma ita take tuƙa shuɗiyar ranar hutu, tana yi wa maza hon.

Wannan watan Baba ya ajiye aiki. Gwiwa ta ƙi, in ya shiga ƙarƙashin mota sai an kama shi yake fitowa. Ba a yi taro ba, ba a ba shi lambar yabo ba, shi ya sa na ce bari ni in faɗa.

Baba, kai ne ba ka taɓa zaɓa wa mutum mota don ta burge ka ba. Kai ne ka ajiye wadda ranka yake so, ka bi hanyar uwar marayu da ramukanta, ka ji abin da kayanta suke ji. Kai ne ka sa sifana a hannun mace mai hawaye maimakon ka ce ta matsa gefe. Mai kunnen inji, uban direbobi, mun gode. Allah Ya ba gwiwar nan lafiya, Ya sa ka ci moriyar hutunka, Ya saka maka da abin da ba mu iya ba.

Ku kuma masu gareji na yanzu, da kuke yanke wa mota hukunci tun mai ita bai rufe baki ba, ku yi koyi. Tambaya ba ta rage wa gwani komai. Sauran ku da ya taɓa fitar da ku daga wahala, kun san kanku, ni ma na san ku ɗaya bayan ɗaya. Yana nan a ƙofar gidansa kullum da la'asar, kunnensa garau. Ku je ku faɗa masa yanzu da zai ji ya yi dariya. Wanda ya bari sai ranar da ba ya ji sannan ya zo yana mana kukan ya san mutumin kirki, ni da kaina zan tashi a cikin mutane in tambaye shi inda yake duk shekarun nan.