Guzurin Shekara, Tafiyar Wuni

Wata safiyar Laraba bayan girbi, a shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira, na dawo daga rijiya da tulu a kai, na tarar tsakar gidanmu na Kademi ya koma kasuwa. Ana lugude a turmi, an baza kuka da kuɓewa a tabarma, kakata Inna Delu tana tsaye a kan kowa. Babanmu ne ya sami kujerar Makka, ita kuwa ta ce in da yardarta zai tafi, to sai da guzurin shekara guda, in ba haka ba ya zauna. Baba kuwa ba ya tsallake maganar uwarsa.

Makon nan ko carafke ban yi ba, surfe na yi ta yi har hannuna ya yi kanta. Aka haɗa garin gero, daddawa, ƙuli-ƙuli, man shanu, har da takalman fata na canji. Haushi ya ishe ni, domin malaminmu ya gaya mana jirgin da ya bar Kano da hantsi, kafin la'asar yana Jidda. Na faɗa wa Inna da rawar kai irin ta 'yan aji huɗu, ta ce in ci gaba da dakana.

Babarmu ce ta ja ni gefe ta gaya mini dalili. Inna tana budurwa yayanta ya nufi Makka a ƙasa, shi da jakinsa da guzurin da ita ta daka masa. Labarinsa na ƙarshe, wai an gan shi yana tsinkar auduga a Sudan don ya sami na ci gaba da tafiya. Bai dawo ba. Tun daga nan take ganin da ta ƙara masa hatsi, da bai tsaya a hanya ba. Na ji kunya ƙwarai.

To ga buhuna sun cika, jirgi kuma ba ya ɗaukar irin wannan kaya. Sai Baba ya hau keke ya je Gaya ya zo da wani tsohon Alhaji da ya sauke farali bara. Tsohon bai yi dogon bayani ba. Cewa ya yi furar da aka dama masa a Kano, a Jidda ya shanye ta, ko tsami ba ta yi ba. Inna ta gamsu, don in dai fura ce ba mai yi mata ƙarya. Can ta tambaya ko jirgin yana bi ta saman Sudan, aka ce yana bi. Ta juya ga Baba.

"Idan kun zo daidai wurin, ka yi wa kawunka sallama. Ka gaya masa hanya ta yi sauƙi."

Aka rabar da guzurin sadaka. Kafin a fara sharar gona Baba ya dawo da jakarsa ɗaya da dabino. Ya ce gajimare kawai ya gani, amma ya isar da saƙo. Inna ta share hawaye, ta tambaya ko ana ba tsofaffi kujerar bakin taga.

Yau jikokina kan sauka daga Jidda suna ƙorafin zama ya gajiyar da su, ni kuwa sai kewar tsakar gidan nan ta kama ni. Hanya ta gajarta wa kowa, amma ban ƙara ganin wanda ya yi murna da ita kamar Inna ba.