Ƙofar da Haliru Ya So Ya Yi wa Masallacin Unguwarmu

Shekara bakwai ke nan da muka kai Haliru makwancinsa a Talata Mafara. A cikin shekarun nan na rubuta ta'aziyyar mutanen da ban taɓa haɗa kwano da su ba, amma tasa na yi ta ɗagawa kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Mai karatu ya yi haƙuri da ni, rabin abin da zai karanta yabon mamaci ne, rabin kuwa ƙarar kaina na kawo.

Haliru ɗan goggona ne, wato taubashina. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san nauyin wannan kalma. Ina da izinin in faɗa masa duk abin da ya zo bakina a gaban kowa, shi kuma ba shi da damar ɓata fuska. In ya nuna ya ji haushi, shi ya yi abin kunya. Fiye da shekara hamsin muka yi a haka, yana ce mini Malam Dogon Turanci, ni kuma ina ce masa Baƙin Mai, saboda aikin gyaran injinan ban ruwa da ya yi wajen Maradun har ya yi ritaya.

Da ya ajiye aiki, mutane suka zaci gona zai koma ko kiwo, kamar kowa. Sai ya share wani ɗaki a gidansa ya fara tara ƙarafa. Ya ce inji zai haɗa wanda zai sassaƙa katako da kansa: ka zana abin da kake so a kwamfuta, ita kuma ta riƙa gaya wa bakin injin inda zai bi, hagu, dama, sama, ƙasa. Ƙananan motocin lantarkin da ke tura shi ya ciro su daga matattun injinan fotokwafi. Hanyar da kan injin ke zamewa a kai ƙarfen durowa ce. Kwamfutar kuwa wani maƙwabcinsa Kirista, ma'aikacin gwamnati, ya ba shi da za a yi masa canjin wurin aiki. Shekara uku yana fama. Gwajin farko, an ce, injin ya huda katakon ya huda teburin da ke ƙarƙashinsa.

Ni labarin nan na ƙarshe na riƙe. Na sa wa injin suna Gara, tunda aikinta cin katako da zubar da gari. Sunan ya bi unguwa. Haliru ya yi dariya, ya ce in zo in ga garar tasa. Ya faɗa sau da yawa. Ban taɓa zuwa ba. Gidansa da nawa tafiyar minti biyar ce, kuma na sha shiga zaurensa, amma ɗakin nan ban leƙa ba, don na riga na sami abin ba'a kuma ba na son ganin ido ya ɓata mini shi.

A shekarar da aka gyara masallacin unguwarmu, aka zauna bayan la'asar kan maganar ƙofa. Haliru ya zo da buhu, ya ciro wani guntun katakon maɗaci da injinsa ya sassaƙa wa dagi. Ya ce in an yarda zai yi ƙofar gaba ɗaya, sadaka, ladan ya je wa mahaifiyarsa, wato goggona, wadda ta goya ni kafin ta goya shi. Guntun katakon ya fara zagayawa hannu hannu. Ni ina can gefe ina gaisawa da wani, ban ma karɓa ba.

Sai liman, tsoho mai yawan tsantseni, ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam, kai na anka sani da karatun zamani. Abin ga na yi kuwa?"

Tambaya ce ta gaskiya, yana son ya ji ko injin zai iya aikin. Malamin makaranta aka tambaya, mai shekara talatin da biyar yana riƙe da alli. Amma taubashi ne ya amsa. Na ce, "Allah gafarta Malam, in kuna son masallaci shi kwana buɗe, ku ba gara ƙofa."

Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Haliru ma ya yi, dole ya yi. Ya ce, "Kun ji Dogon Turanci, shi da ko ƙusa bai iya bugawa." Aka ƙara dariya. Amma liman bai yi ba. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya sami fatawa, ya ce to a ba mai walda ya yi ta ƙarfe. Dattawan sun ɗauki maganata a matsayin shaidar masani, shi kuma Haliru ba zai iya tsayawa ya ce ƙarya nake ba, tunda wasa ne, kuma ba a kai wasan taubashi gaban shari'a. Ina kallo ya mayar da katakon cikin buhu ya ƙulle bakinsa da igiya, a hankali, ƙulli biyu.

Na koyar da yara bambancin magana da muhallinta na tsawon rayuwata, har ina cire musu maki. Ranar da aka yi mini jarrabawar a gaban jama'a na faɗi.

Shekara biyu ya ƙara a duniya, kuma ko sau ɗaya bai tayar da zancen ba. Muka ci gaba da wasa. Sau da dama na shirya in ba shi haƙuri, sai in rasa ta inda zan shiga, don ba haƙuri yana nufin an yi laifi, laifi kuwa yana nufin ya ji zafi, wanda faɗarsa ma cin fuska ne gare shi. Al'adar da ta ba ni wuƙa ba ta tanadar mini magani ba. Ranar jana'izarsa, da aka ce jama'a a yafe masa, na ɗaga murya na ce na yafe. Har yau in na tuna wannan kalma a bakina sai in ji kamar in nutse.

Yanzu samari na nuna mini a waya irin injinan nan a manyan birane, suna fitar da ƙofofi da kan gado, ana cewa ci gaba ya zo. Ina tunanin abin da zai ce. Ba zai yi gori ba, na san shi. Zai karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido ya tambayi irin motar da suka sa. Abin da zai fi ɓata masa rai shi ne hanyar Dosara, inda yake zuwa zaɓen katako a kan babur, wadda yanzu, saboda rashin tsaro, mutum sai ya yi tambaya kafin ya bi.

Bana, bayan ƙaramar salla, na roƙi matarsa Hajiya Luba ta buɗe mini ɗakin. Ta dube ni ta ce, "Yau kuma?" Ta kawo makulli. Injin na nan an rufe shi da tsohon zane. A jingine da bango kuwa ga ƙofa, ganye biyu, an gama ta tsaf, dagi na shiga cikin dagi daga sama har ƙasa ba inda layi ya kauce. Ta ce bayan taron nan ya yi ta, wata takwas, bai gaya wa kowa ba.

Juma'ar da ta biyo na tsaya a masallaci na faɗi abin da na yi, a wurin da na yi shi. Tsohon liman ya rasu, rabin masu dariyar ma haka. Matasan kwamiti suka saurara cikin ladabi, suka je da abin awo. An faɗaɗa mashigar masallacin shekara uku da suka wuce. Ƙofar ta gaza da taƙi biyu. Wani ya ce a ƙara mata katako a gefe, na kai wa Hajiya Luba shawarar. Ta ce, "A'a, Malam. Yadda ya auna ta haka za ta tsaya. Shi bai yi kuskuren awo ba."

Abin da ya rage na Haliru ke nan a gabana: aiki cikakke, na mutumin da aka hana shi wurin sa shi amma ya gama shi duk da haka. Ladan niyyarsa yana wurin Wanda ba a yi wa ba'a. Allah ya kai shi ga goggona ninkin ba ninkin, ya haskaka kabarinsu su biyu. Ni kuwa masu karatu su sa ni a addu'a, don mai yafe mini ya riga ni tafiya.