Ranar da Karafan Ya Kafe

Ina koyar da yaran firamare a Funtuwa ban taɓa tsammanin wata rana zan tuƙa gida ba, amma a Riyad ta Saudiyya na tuƙa. Kafil ɗina, wato mutumin da ya ɗauko ni aikin direba, wanda zamana a ƙasar yake hannunsa, ya wayi gari ya sayo wata doguwar mota da suke kira karafan. Gado a ciki, kicin a ciki, banɗaki, firji, har da talabijin manne da bango. Ya kira ni daga ɗakinmu na unguwar Al-Oud ya ce in zo gidansa a Dir'iyya in ga abin arziki. Na zagaya ta ina ta masha Allah, a zuci kuwa ina cewa gidanka mai bene bai ishe ka ba, sai ka sa wa wani taya.

Mutanen nan, da zarar sanyi ya shigo, hadari ya ɗan taso, sai hankalinsu ya koma daji. Mu da muka taso muna gudun ƙauye abin yana ba mu mamaki. Mutum ya bar ɗaki mai kafet ya tafi ya zauna kan rairayi yana hura wuta, ya dawo yana ƙaurin hayaƙi yana cewa ya huta. Kafil ya ce za mu gwada karafan, mu je wurin kawunsa da ke kiwon raƙuma can nesa da kwalta. Ya ce kwana ɗaya ne, mu dawo.

A lokacin matata tana da tsohon ciki, kuma cikin fari ne. Na baro ta da shi da na je hutu, ta koma gidan iyayenta goyon ciki kamar yadda aka saba. Watan haihuwa ya riga ya kama. Yayarta wurin haihuwa ta rasu, don haka tsoro ya cika mata ciki, ko da yake ba ta faɗa sai a fakaice. Abu ɗaya ta taɓa roƙona da bakinta, shi ma sai da ta yi ta kewaye-kewaye.

"Malam, ni ba na son komai. Ka dai bar wayarka a kunne. Idan abin ya zo, in ji muryarka."

Na ce mata ko wanka zan shiga da wayar zan shiga. Ta yi dariya ta ce kar in jiƙa ta a banza.

Wanda ba Bahaushe ba zai ce, to me ya hana ka gaya wa kafil? Mu ba a haka muka taso ba. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan yayata ba, don ita ce ta fari. Namiji ya buɗe baki a gaban babba ya ce matata ta kusa haihuwa, kuma haihuwar fari, a wurinmu rashin kunya ne tsagwaronsa. Ko abokan ɗakina na Al-Oud ba daga bakina suka ji ba. Na ce a raina kwana ɗaya ne, Allah zai rufa asiri. Na tura mata saƙo cewa za mu ɗan fita bayan gari, muka kama hanya.

Karafan a kan kwalta kamar kana tura ɗaki da hannu. Iska ta buge shi ya yi layi, babbar mota ta wuce ka ji kofuna suna kaɗawa a baya. Kafil da wani amininsa suna can kwance kan gado suna cin dabino, ni na riƙe sitiyari da hannu biyu, ido ɗaya a hanya ɗaya a kan waya. Muna sauka daga kwalta sabis ya fara raguwa. Na ga layukan suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, har muka gangara wani kwari mai faɗi, wayar ta rubuta babu sabis. Na ci gaba da tuƙi.

Kawun kafil tsoho ne siriri mai farin gemu da sanda, yana da baƙar tanti ta gashi da wata tsohuwar akori-kura da ko ƙofar kirki ba ta da ita. Ya zagaya karafan yana ƙwanƙwasa jikinsa da sanda, ya ce wa kafil wannan ai otal ne, ina za ka kai otal a cikin rairayi. Ya ce kar mu ajiye shi a ƙasan kwari. Kafil ya ce ai nan ne ƙasa ta fi daidaita, gado ba zai karkace ba. Ni direba ne, inda aka nuna min nan na tsaya.

Kafin la'asar ruwa ya sauko. Ban taɓa ganin manyan mutane suna murna da ruwa irin haka ba. Suka fito suka cire abin kansu suna ɗaga fuska sama, kafil yana ɗaukar hoto da wayar da ba za ta tura wa kowa ba. Da safe kwarin ya zama taɓo. Na tayar da karafan, na taka, tayoyin baya suka juya a wuri ɗaya suka nutse. Na rage musu iska, na tona, na cusa itace da duwatsu, na sake takawa. Ya ƙara zama har cikinsa ya taɓa ƙasa. Tsoho ya ce a bar shi sai ƙasa ta sha iska ta bushe, in ba haka ba kabari muke haƙa masa. Kafil ya daga kafaɗa ya ce mafi mushkila, wato ba matsala, abinci yana nan, ruwa yana nan, wa ke jiranmu a Riyad.

Na samu kafil yana dama shayi na ce, "Baba, ina so in kira gida."

Ya ɗago ya ce, "Lafiya? Wani ba shi da lafiya ne?"

Na ce, "Kowa lafiya lau."

"To alhamdu lillahi. Gobe in sha Allah."

Ya koma kan shayinsa. Bahaushe da ya ji wannan lafiya lau ɗin, ya ga yadda na tsaya ina murza hannu, ya san da magana a ƙasa, zai ja ni gefe ya tambaye ni sau biyu, sau uku, har in saki. Balarabe kuwa abin da ka faɗa shi ya ji. Haushinsa ya kama ni, na kuma san ba shi da laifi, wannan ya ƙara min haushin.

Goben ta zo, ƙasa ba ta bushe ba. Wata goben ma haka. Na hau rufin karafan na ɗaga waya sama ina juyawa kamar mai neman wata. Na taka zuwa wani tudu da nake hange kusa, ashe nisa ne da shi, na hau na samu wani tudun a bayansa, da wani a bayan wannan. Babu itace, babu hanya, babu ko tsuntsu. Fili iya ganinka, amma ban taɓa jin an kulle ni kamar a wurin nan ba. Ko ɗakinmu na Al-Oud da muke kwana kamar an jera kifi, ya fi min wannan filin sarari. Ba zan iya kama hanya da ƙafa ba, ban san ta ina kwalta take ba. Ba zan iya ɗaukar akori-kurar tsoho ba izini ba, baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya irin wannan ganganci. Na dawo na zauna a kujerar direba, inda nake kwana, ina kallon gilashi. A bayana firji yana ta ƙugi, talabijin yana nuna wani abu da suka ɗauko a faifai, su kuma suna dariya.

Abinci ya daina shiga. Tsoho ya yanka ɗan akuya, aka yi shinkafa a babban faranti, na tsakura na ce na ƙoshi. Sallah ma ina yi ne hankalina yana Funtuwa. Ina ganin wayar matata a hannunta, ina ganin ta tana dannawa. Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma ba wanda zan gaya wa.

Ranar da abin ya fashe, bayan azahar ne, muna cikin tanti. Ni nake zuba gahawa. Tsoho yana ba da labarin ranar da aka haifa masa ɗan fari, yadda ya bar raƙuma ba mai tsaro ya yi ta gudu zuwa gari, yadda ya yanka har maƙwabta suka gaji da nama. Su a wurinsu da sunan ɗan fari ake kiran mutum, baban wane, kuma abin alfahari ne. Sai ya juyo gare ni.

"Kai fa, ɗana, baban wa ake ce maka?"

Na ce ba ni da ɗa tukuna.

"Mata fa?"

"Akwai."

"To me kake jira? Ko sai gemunka ya yi irin nawa?"

Suka kwashe da dariya. Na ajiye butar gahawa. Ban ɗaga kai ba. Da guntun Larabcina na gaya wa tabarma cewa matata watanta ya kama, wataƙila ma yanzu tana kan gwiwa, kuma na yi mata alkawarin za ta same ni a waya. Ina gama faɗa na ji kamar na tuɓe riga a tsakiyar kasuwa.

Tsoho ya buga sandarsa a ƙasa, ya juya kan kafil ya rufe shi da faɗa, wai ya kawo mutum daji matarsa na haihuwa shi yana kwance yana kallon talabijin. Kafil ya miƙe, fuskarsa ta canza, ba fushi ba, ciwo ne ya ji.

"Na tambaye ka! Wallahi na tambaye ka, ka ce kowa lafiya. Ni azzalumi ne da zan hana ka?"

Na rasa ta inda zan fara yi masa bayani. Na ce, "Baba, mu ba ma faɗa." Ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

Tsoho bai tsaya jin sauran ba. Ya ja hannuna zuwa akori-kura, ya ce shi zai tuƙa, ni ban san ƙasar ba. Ya bi gefen kwarin ta kan duwatsu, motar tana tsalle, kaina yana bugun rufi, shi yana ta mita cikin gemu. Muka yi tafiya mai nisa har muka hau wani dogon tudu da ake hango turakun lantarki can ƙasa. Nan wayata ta fara kuka a aljihu, saƙo kan saƙo, ba ƙaƙƙautawa. Tsoho ya kashe mota ya sauka ya ba ni wuri.

Saƙonnin murya ne, na matata. Na farko tana tsokana: "Malam, an shiga daji an manta da mu ko?" Na biyu ta ce bayanta yana ɗan ciwo, amma ba komai. Na gaba muryar ta sauya, tana magana tana tsayawa, ta ce za su tafi asibiti. Sai wani gajere, numfashi kawai da hayaniyar mutane, sannan ta ce, "Malam, kana ina?" Bayan wannan babu nata kuma. Sai jerin kira da ban ɗauka ba, na ja yatsa ina ta ja ba su ƙare ba. Na zauna a kan dutse.

A can ƙasa akwai saƙon yayata. Na daɗe ina kallonsa kafin in danna. Ta ce haihuwa ta zo da gardama, sai da aka yi aiki, amma an samu mace, uwa da ɗiya suna nan da rai, tun shekaranjiya. Ta ƙara da cewa, "Kai kuma Allah ya shirye ka, ina ka shiga?"

Na kira matata. Ta ɗauka da kanta, muryarta ƙasa-ƙasa, ina jin mata suna hira kusa da ita.

"Malam, ina wuni. Ya aiki?"

"Lafiya lau. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Ba ta ambaci jaririyar ba, ni ma ban ambata ba, ga iyayenta a wurin. Na fara ba ta labarin ruwa da taɓo da motar da ta kafe, ina jin yadda maganar ke fita ba daɗin ji. Ta bar ni na gama. Na ji motsin mutane suna fita, aka ja ƙofa. Can nesa tsoho yana ɗaga sanda yana tambayata da ƙarfi, namiji ne ko mace.

Sai ta ce, "Da za su shiga da ni ɗakin aikin, sun ce in ba da wayar. Na ce su ɗan dakata, yanzu za ka kira. Sun dakata, Malam. Har sau biyu suna dakatawa."

Na riƙe wayar a kunne ban kashe ba, ita ma ba ta kashe ba.