Waƙoƙin Jamus na Injiniya Ja'afaru

Injiniya Ja'afaru bai taɓa riƙe bindiga ba, ko ta farauta, amma duk unguwar Ƙurban ta birnin Madina babu mai zancen mutuwa a fagen yaƙi kamarsa. A Jamus ya yi karatun aikin famfo. Can ya sayo wani tsohon littafi na waƙoƙin zamanin 'yan Nazi, masu yabon samarin da suka faɗi ƙarƙashin tuta, wai jininsu ne ke raya ƙasa, wai kabarinsu ya fi gadon sarauta. Ya juya su zuwa Hausa, ya cire tuta ya sa shahada. Kowace Alhamis bayan la'asar yakan karanta wa baƙinsa, yana dukan ƙirji, shayinsa na hucewa.

Matarsa Zaituna tana jin komai daga madafa. Mahaifinta soja ne, ya mutu a yaƙin basasar Najeriya tana 'yar shekara shida. Abin da aka kawo musu gida bargo ne da takarda ɗaya. Ta san yadda uwarta ta yi ta wankau har hannunta ya tsattsage, kuma ba ta ji wannan a baiti ko ɗaya ba.

Lokacin yaƙin Kuwait, ko ƙara ba a ji a Madina ba, sai ga gwarzon ya manne tagogi da salatif, ya kwashe iyali zuwa gonar dabinon wani abokinsa a garin Badr. Sati uku ya yi yana fama da gudawa. Da suka dawo ya ci gaba da karatunsa, har da sabon baiti kan matsorata.

A 2003 ɗansu Muhsin, wanda ya kusa gama jami'a, ya ce da Larabci a kan tabarmar abinci zai tafi yaƙi a Iraƙi. Ya kawo hujja da baitin uban, kalma da kalma. Ja'afaru ya ƙware da shinkafa. Washegari ya ɓoye fasfon ɗan cikin buhun gero, ya sami Zaituna idonsa jawur.

"Ai waƙa ce kawai, Maman Muhsin. Ta 'ya'yan wasu ce."

"To je ka faɗa masa haka," in ji ta.

Ya kasa. Ita ce ta zaunar da Muhsin ta ba shi labarin kakansa: ba wanda ya san inda aka binne shi, kuma waɗanda suka yi ta kirari a rediyo duk sun tsufa a gidajensu da jikoki. Bayan kwana biyu Muhsin ya koma aji.

Ja'afaru ya gaya wa abokai cewa hikimarsa ce ta tsare yaron. Da ya yi ritaya ya koma gida Zariya yana neman mai buga masa littafin. Zaituna ta ce gwiwarta ba za ta iya tafiya ba, ta zauna wurin ɗanta a unguwar Al-Khalidiyya ta Madina.