Attahiru Mai Kananzir

Attahiru Riskuwa ɗan masunta ne daga Kaoje, a ƙasar Bagudo. Shi kaɗai a garinsu ya yi karatu har Zariya, ya koyo aikin injiniya na harhaɗa sinadarai. Shekarar da aka samu 'yancin kai aka ɗauke shi a wata masana'antar man gyaɗa a birni, inda ake tatso ragowar mai daga tunkuza da wani ruwan magani da ya fi fetur saurin kama wuta. Aikinsa ya bi bututu da tankuna kullum, ya tabbatar babu inda ke yoyo.

A shekara ta uku ya fara jin warin maganin a gindin babban tanki. Sau uku yana rubuta wa manaja, wani Bature, cewa a tsai da injin a gyara. Manaja ya ce sai kakar gyaɗa ta wuce. Sai ya nufi mataimakin manajan, Malami, abokin karatunsa.

"Malami, tankin nan zai kashe mutane."

"Haba Attahiru, kwantar da hankalinka. Baturen nan baɗi zai tafi, kujerar tamu ce. Kada ka ɓata mana."

Ranar wata Talata da hantsi tankin ya fashe. Lebura huɗu suka mutu. Cikinsu har da Arzika, mutumin Kamba, wanda Attahiru da kansa ya samo wa aikin.

Da aka zauna bincike, takardun nan uku suka yi ɓatan dabo. Aka tambayi Malami, ya sunkuyar da kai ya ce bai taɓa ganinsu ba. Aka rubuta cewa sakacin injiniya ne, aka sallame shi. Duk masana'antar da ya je neman aiki, labarin ya riga shi isa.

Ya kwaso matarsa Dela suka dawo gida. Kafin ya sauka Bagudo sai da ya biya Kamba ya durƙusa gaban mahaifiyar Arzika. Tsohuwar ba ta zage shi ba. Cewa kawai ta yi, "Kai anka ba amana, ɗana." Wannan maganar ta bi shi har ƙarshen ransa.

Ya kafa rumfa kusa da iyakar Dahome, ƙasar da yanzu ake kira Benin. Fatake kan kawo masa garwar kananzir ya duba ko an gauraya da fetur. Ya ɗiga kaɗan a murfin gwangwani, ya kusanto da ashana. In ya kama farat ɗaya, sai ya ce, "Wanga ba ya shiga fitilar kowa." Wasu su gode, wasu su zage shi su wuce kasuwar gaba su sayar.

Ya rasu shekarar babban fari. Mafi yawan waɗanda suka yi masa sallah ba su san ya taɓa zama injiniya ba.